Cikgu Loke, Wadda Ta Ƙi Sa Hannu

Kafin a fara tayar da nakiya a wuraren fasa dutse na Simpang Pulai, Cikgu Loke, wato Malama Loke a yaren Malayu, ta riga ta jingine tsohon babur ɗinta a ƙofar shagon kofi na Ah Fatt. A tsaye take shan kofinta. Kullum sai ta ce ya cika sukari, kullum sai ya ce ko ƙwaya bai sa ba, harshenta ne ya tsufa. Daga nan ta kama ƙarfen matakala ta hau bene a hankali, ta buɗe tagogin falon da ke saman shagon, ta jera kujeru, ta ajiye butar ruwa da kofuna a bakin ƙofa. Ba wanda yake busa harmonika a ɗakin nan bai kurkure baki ba. Harmonika dai 'yar abar busa ce ta ƙarfe, tsawon tafin hannu, mai jerin ramuka, a hura mata iska ta yi sauti, a zuƙa ta yi wani.

Da safe tsofaffi ne ɗalibanta, yawancinsu mutanen da ƙurar dutse ta cinye wa huhu. Bayan an tashi daga makaranta kuma yara, Sinawa da Malayu da Tamilawa, ana ture juna a matakala. Ni nake kawo da yawa daga cikinsu. Sunana Vasuki, motar kai yara makaranta nake tuƙawa, kuma a fusace nake wannan rubutu.

Ƙarshen watan nan Cikgu za ta daina koyarwa. Gwiwoyinta sun ƙi benen, za ta koma wurin ƙanwarta a Taiping. A makon jiya Ƙungiyar Iskar Kudu, ƙungiyar masu busa harmonika da ita ma tana cikin waɗanda suka kafa ta, ta yi walimar cika shekaru a wani babban otal a Ipoh. An ci, an sha, an raba lambobin yabo har ga wanda ya kawo furanni. Ba a ambaci sunan Loke Sau Yin ba. Ba a ma gayyace ta ba. To, tunda su ba za su faɗa ba, ni zan faɗa.

Lokacin tana matashiyar malama a makarantar firamare ta Sinawa, duk wanda ya iya busa waƙa biyu sai ya ce shi malami ne. Akwai wani mutum da yake zagaya makarantu da akwati guda na harmonika. Wannan aji ya busa ya mayar, wancan aji ya ɗauka da yawun na baya a jiki. Yara suka riƙa yin gyambon baki. Wata yarinya 'yar ajin Cikgu ta kamu da tarin fuka, ta shafe watanni a asibiti, ba ta ƙara komawa makaranta ba. Cikgu ba ta taɓa cewa akwatin ne ya jawo ba. Abin da take cewa shi ne, "Ban tabbatar ba. Amma ina tsaye ina kallo ta sa abin a baki, kuma ban san ya kamata in hana ba."

Daga nan ta shiga bin masu busa gari gari, Gopeng, Kampar, Batu Gajah, tana roƙonsu a tsayar da ƙa'ida: wane ne ya isa a kira shi malami. Dariya suka yi mata. Wani ya ce, "Jarrabawar hura iska? Ai jariri ma da ita ake haifarsa." Ta ci gaba da komawa har suka gaji da ganinta suka yarda. Ƙa'idar ba ta da tsawo. Mutum zai yi shekara yana zaune kusa da gogaggen malami. Sannan ya koyar da darasi na gaskiya a gaban masu jarrabawa uku, sau ɗaya da yara, sau ɗaya da tsofaffi. Kowane baki da harmonikarsa. Ba duka, ba tsawa. Kuma dole ya san lokacin da zai ce wa ɗalibi ya ajiye ya huta. Ita ce shugabar masu jarrabawa, kuma ba a taɓa biyanta don wannan aiki ba.

Kada wani ya ɗauka mace ce mai laushi. Ah Fatt yana nan da ransa, ku tambaye shi labarin ƙanin mijinta. Duk kwarinmu na Kinta babu wanda ya kai mutumin nan iya busa. Idan ya busa a bikin aure har masu dafa abinci sai su bar tukwane su leƙo. Ranar jarrabawarsa wani yaro ya yi kuskure a wuri ɗaya sau da yawa, mutumin ya daka masa tsawa har yaron ya saki fitsari. Cikgu ta rufe littafinta ta ce, "Ka iya busa. Koyarwa kuwa sai baɗi." A shekarar nan dangin mijinta ba su ajiye mata kujera a cin abincin sabuwar shekara ba. A shagon Ah Fatt ta ci taliya ita kaɗai.

Ni ta dalilin mahaifina na san ta. Appa, wato Baba a yarenmu, sunansa Karuppiah, ya yi rayuwarsa yana haƙa ramin nakiya a jikin dutse. Da ya tsufa, daga tabarma zuwa ƙofar gida sai ya tsaya hutu. Wata ma'aikaciyar jinya ta ce mu gwada ajin Cikgu Loke. Da ƙyar na hau da shi benen, yana ta masifa.

"Ni za a mayar yaro? Ni da na fasa rabin dutsen can?"

Cikgu ta ce, "Shi ya sa sauran rabin yake cikin ƙirjinka. Zauna, Kawu. Sa hannu a ciki. Ba ƙirji za ka ɗaga ba, tumbin nan da ka tara da tose, wainar shinkafarku, yau zai yi aiki."

Ranar ko waƙa ba ta ba shi ba. Sauti ɗaya, a hura a hankali, a zuƙa a hankali, ita kuma idonta a kan leɓensa da kafaɗunsa. Da ta ga ya fara haki sai ta karɓe harmonikar ta saka masa a aljihu ta ja shi da hira. Ba ta warkar da shi ba, ba ta kuma taɓa cewa za ta warkar ba. Amma ya dawo yana iya zuwa haikali da ƙafarsa, kuma a Deepavali ɗinsa na ƙarshe, babban bikinmu na fitilu, ya busa wa jikokinsa waƙa guda daga farko har ƙarshe. Ke ce kika ba mu wannan, Cikgu. Ke ce kika zo gidanmu ranar da ya rasu, kika zauna a ƙasa cikin mata, ba kya jin yarenmu, ba ki kuma tashi ba sai da aka fita da shi.

Sai aka zaɓi Datuk Seow shugaban ƙungiya (Datuk sarautar girmamawa ce ta manyan mutane). Ɗan kasuwa ne mai shigo da kayan kiɗa, kuma shi yake ɗaukar nauyin gasar yara ta shekara. Ina wurin taron da ya kawo shawararsa, a falon saman shagon Ah Fatt, domin ni ce wakiliyar iyaye, kujerar da ake zama a kai amma ba a jefa ƙuri'a.

Ya ce, "Cikgu, zamani ya sauya. Makarantu na kukan ba malamai, mu kuma muna fitar da biyu ko uku a shekara. Za mu shirya horo na kwana biyu a otal. Kowa ya biya, a koya masa, a ba shi takardar shaida. Sa hannunki kawai muke so a ƙasa, don sunanki iyaye suka sani."

Ta ce, "Maganar ƙarancin malamai gaskiya ka faɗa. Ka ba ni masu jarrabawa biyu ƙari, in buɗe ajin Lahadi. Baɗi za ka ga goma."

"Baɗi ya yi nisa."

"Datuk, wanda ya koyi aski kwana biyu, za ka ba shi kanka?" Ta ɗan dubi sanƙonsa. "Af, yi haƙuri. Kai ba ka da asara."

Falon ya ɗauki dariya, sannan kowa ya tuna wanda ake yi wa, dariyar ta mutu. Datuk ya yi murmushi ya ce shi ba ya faɗa da iyayensa. Ya kawo shawara ta biyu: a ɗaga Cikgu zuwa matsayin mai ba da shawara ta girmamawa, a sauke mata nauyin jarrabawa, ai ta sha wahala. Aka ce masu goyon baya su ɗaga hannu.

A nan ne raina yake ɓaci har yau. Datuk ɗan kasuwa ne, abin da ya sani ya yi: kowane sabon malami zai tura makarantarsa shagonsa. Amma mutanen da ke zaune a kujerun nan, kusan dukansu ita ta koyar, ita ta jarraba, ita ta rubuta wa makarantu cewa a ɗauke su. Suka ɗaga hannu suna kallon fanka, suna kallon takalmansu, ba mai kallonta. Mutum biyu ne kawai suka ƙi, Encik Rosli da Madam Teh, tsofaffin abokan aikinta. A matakala wani da ta taɓa ba wa harmonikar mijinta kyauta ya biyo ta yana cewa, "Cikgu, ki gane, idan ya janye babu gasa." Ta ce, "Na gane. Matsa, kana tare mini ƙarfen da nake riƙewa."

Aka fara buga takardu masu ruwan zinare da sa hannun Datuk. Ƙungiya ta koma yin taronta a otal. Da aka zo wa Ah Fatt da maganar ya ba wani sabon malami falon, ya ce benen nasa ne, kuma kunnensa ba ya jin Sinancin masu kuɗi.

Ba a jima ba abin da Cikgu ta guda ya faru. Kawu Yip abokin Appa ne, tare suka yi aikin dutse, tare suka zauna a ajin safe. Da matarsa ta rasu 'ya'yansa suka kai shi wani gidan tsofaffi a bayan gari. Can aka turo musu sabuwar malama, Shu Fen, yarinya 'yar shekara ashirin da ɗoriya mai sayar da waya a kasuwa, wadda take son busa tun tana ƙarama, ta kuma samu takardar kwana biyu. Ta shirya musu gasa: wanda ya fi daɗewa yana riƙe da sauti ɗaya zai samu gwangwanin biskit. Kawu Yip ya hura, ya hura, leɓensa ya yi baƙi, ita kuma tana tafi tana ƙirgawa. Ya faɗo daga kujera. Huhunsa ɗaya ya fashe. Ya rayu, amma tun daga ranar da tulun iska yake yawo, da roba a hanci.

Da na je duba shi a asibiti ya ce mini da ƙyar, "Na san Cikgu ta hana. Amma wani tsoho ɗan Gopeng ne ya ce ba zan iya ba."

Ƙungiya ta fitar da sanarwa cewa yarinyar ta kauce wa abin da aka koya mata, an soke takardarta. Hotonta ya shiga wayoyi. Aka riƙa zaginta, har mai shagon wayar ya sallame ta. Cikgu ta ce in kai ta gidansu. Na kai ta da murna, don na zaci wankin babban bargo za a yi.

Muka same ta a bayan rumfar taliyar mahaifiyarta tana wanke kwanoni, idanunta sun kumbura. Da ta ga Cikgu sai ta miƙe hannunta na ɗigar kumfa.

"Wa ya koya miki gasar nan?"

"A otal ne, Cikgu. Rana ta biyu, bayan an ci abinci. Sun ce tsofaffi na son gasa."

"Sun nuna miki yadda leɓe yake komawa idan iska ta gaza wa mutum?"

"A'a."

"Kin taɓa zama da tsoho ko ɗaya kafin su ba ki takarda?"

"Junanmu muka koya wa."

Cikgu ta ce, "Gobe da safe ki zo saman shagon Ah Fatt. Ki zo da harmonikarki."

"Na jefar da ita. Ba zan ƙara taɓawa ba."

"To ki je ki tsinto. Ba zan yi miki ƙarya ba, a hannunki mutumin nan ya faɗi, kuma ba za ki manta ba. Amma wanda ya dube ki ya ce kin isa ya fi ki laifi, ga shi can yana barcinsa. Idan kika gudu, wata za su tura, ita ma da biskit ɗinta."

A babban taron ƙungiya na shekarar Cikgu ta je ba a kira ta ba. Ta miƙe ta ce idan an karɓe takardar yarinya, a karɓe alƙalamin wanda ya sa mata hannu. Aka kashe lasifika. Sun manta matar nan ta shekara arba'in tana magana da aji cike da yara. Har direbobin da ke jira a waje sun ji ta. Ta tambayi wanda ya rubuta darasin gasar, ba wanda ya amsa. Ta tambayi ko an cire shi daga horon, sakatare ya ce ana dubawa. Datuk ya fita ta ƙofar gefe wai ana kiransa a waya. Kuma kada ku ɗauka wani abu ya sauya. Shugabannin makaranta biyu sun daina ɗaukar masu takardar zinare, shi ke nan. Horon kwana biyu yana nan, a watan jiya ma an yaye wasu.

Shu Fen ta zo. Ta yi shekara a kujerar da ke gefen Cikgu. Da farko tsofaffin ajin ko gaisuwarta ba sa amsawa, don duk abokan Kawu Yip ne. Ta haƙura, tana wanke kofuna tana kallo. Da shekara ta cika Cikgu ta kira Encik Rosli da Madam Teh suka zauna su uku kamar da. Yarinyar ta koyar da kyau, muryarta a kwance, ba ta yi kuskure ko ɗaya ba. Cikgu ta kayar da ita.

"Idonki yana kan takardar waƙa. Kawu Lim ya yi tari sau biyu a bayanki ba ki juya ba."

Ni kaina sai da na ce, "Haba Cikgu, yarinyar nan fa ta sha wuya." Ta ce, "Vasuki, ina koya miki tuƙi?" Shu Fen ta yi kukanta a matakala, washegari ta riga kowa zuwa.

Jarrabawa ta biyu bayan wasu watanni aka yi. Kawu Yip ya ji labari, ya buga mini waya ya ce in zo in ɗauke shi, kada in gaya wa kowa. Ni da Ah Fatt muka hau da shi a kan kujera, ɗan Ah Fatt na biye da tulun iska. Da Shu Fen ta gan shi a ƙofa sai fuskarta ta yi fari fat. Cikgu ma ba ta san da zuwansa ba. Ta dube ni, na dubi rufi. Ta ce a ci gaba.

Ana tsakiyar darasi Kawu Yip ya zaro tsohuwar harmonikarsa daga aljihu. Ya ce, "Yarinya, ni ma layi ɗaya zan yi."

Shu Fen ta je ta durƙusa a gabansa, ta dubi leɓensa, ta dubi yadda kafaɗunsa ke hawa da sauka tun daga wahalar benen.

"A'a, Kawu. Yau tafi za ka yi mana."

"Ke! Ina busa abin nan tun uwarki na goye."

"Na sani, Kawu. Ba yau ba."

"Wancan karon ke kika ce in hura, yanzu kuma ke za ki hana ni?"

Hawaye ya zubo mata, amma ta miƙa hannu ta karɓi harmonikar, ta saka masa a aljihu, ta maɓalle. Ya daɗe yana harararta. Can ya ce, "Kin kwashi rashin kunyar tsohuwar nan kaf." Tsofaffi suka fashe da dariya har wasu na tari, shi kuma ya riƙe hannunta bai saki ba sai da ta ce zai hana ta aiki.

Da aka tashi masu jarrabawa suka yi 'yar shawara. Cikgu ta ce, "Kin ci. Amma ba ni da takardar da zan ba ki." Abin da ta ba ta shi ne ajin safe. Ajin yara kuwa yana neman watsewa, domin yawancin makarantu ba sa tura yara sai wurin mai takardar ƙungiya, kuma ta Shu Fen an soke. Malama ɗaya da aka jarraba da gaske a cikin 'yan shekarun nan, ita ce ba ta da shaida. Wannan shi ne abin da aka ci abinci a otal ana murnarsa.

Cikgu Loke, ke ce mai faɗin a'a a inda kowa ya ce to. Ke ce kika kayar da ƙanin mijinki, kika ɗaga 'yar mutane da gari ya tattake. Ba ki da sauƙin zama, ba ki iya lallashi ba, kin sha sa ni jin kunya a gaban yaran motata. Na gode. 'Ya'yan Karuppiah da jikokinsa sun gode. Iyayen da ba su ma san abin da kika kare 'ya'yansu daga gare shi ba, na yi godiya a madadinsu. Ki je Taiping ki huta da gwiwoyinki.

Ku kuma malaman da kuka fito daga hannunta, kun san yadda ake jarrabawar nan, ba sai an koya muku ba. Ku dawo da jarrabawar. Ku mayar wa Shu Fen takardarta, ko ku zo ku zauna a ajinta ku gaya mana abin da ta rasa. Iyaye da masu tsofaffi a gida, ku daina kallon ruwan zinare a bango. Ku shiga ajin ku zauna. Ku tambayi malamin wa ya gan shi yana koyarwa kafin a ce ya isa, ku ga ko zai iya kiran suna.

Ni dai na gaya wa iyayen yaran motata tun farkon zangon nan: zan kai su makaranta, zan mayar da su gida, amma ba zan ƙara sauke ɗan kowa a ajin malamin kwana biyu ba. Wasu sun ce ni direba ce, in tsaya a sitiyari. Wasu sun kwashe 'ya'yansu sun ba wani mai mota. Kujerun baya yanzu babu kowa a kansu, kuma haka zan ci gaba da tuƙa ta.